GIMP da hotunan da WhatsApp ya matse: abin da yake gyarawa da abin da ya fi ƙarfinsa

Mafi yawan hotunan da ake kawo mana domin bugawa a nan Garwa ba daga kyamara suke fitowa kai tsaye ba. Sukan iso ne bayan sun ratsa wayoyi da dama: mai ɗaukar hoto ya tura wa ango, ango ya tura wa ƙanwarsa da ke aure a Marwa, ita kuma ta nuna wa jama'a a shafinta, sannan wani ɗan uwa a Kuseri ya ɗauki hoton allon wayarsa, kuma wannan na ƙarshen shi ne za a kawo shago a ce a buga shi da girma a sa a gilashi. A fuskar waya babu wanda zai ga aibinsa, amma da zarar an buɗe shi a kwamfuta an faɗaɗa, sai fuskar amarya ta rarrabu zuwa ƙananan murabba'ai, jan lallen hannunta ya malala ya shiga farin mayafi, sararin sama kuma ya koma hawa-hawa maimakon ya tafi sumul. Manhajar da na dogara da ita wajen wannan aiki ita ce GIMP, tare da ƙarin da ake haɗa mata mai suna G'MIC, kuma a kansu nake so in faɗi ra'ayina ga masu shagunan buga hoto da masu aikin takardu irina.

Kafin a yanke wa kowace manhaja hukunci, ya kamata a san irin ɓarnar da ake neman ta gyara. Tsarin JPEG, wanda aka amince da shi tun 1992, yana rage nauyin hoto ne ta hanyar zubar da wani ɓangare na bayanansa. Da farko yakan raba haske daban da launi, sannan a mafi yawan lokuta ya rage bayanan launin zuwa rabi a tsaye da rabi a kwance, domin idon ɗan Adam ya fi kula da bambancin haske fiye da na launi. Bayan haka yakan yanka hoton zuwa murabba'ai masu fiksel 8 a kowane gefe (fiksel shi ne ɗigo guda na hoto), ya auna abin da ke cikin kowannensu da lissafi, ya riƙe manyan siffofi, ya yar da ƙananan. Abin ya yi kama da tankaɗe: garin ya wuce ta rariya, tsakin kuwa an watsa wa kaji, kuma babu mai iya tattaro shi ya mayar. Idan matsewar ta yi yawa, kowane murabba'i yakan rasa abin da ke haɗa shi da maƙwabcinsa, shi ya sa iyakokinsu suke bayyana, kuma ɗige-ɗigen da ake gani kewaye da rubutu ko bakin hula daga nan suke samo asali. Duk sanda aka yanke hoton, ko aka sauya girmansa, aka sake adana shi a JPEG, sabuwar ɓarna takan hau kan tsohuwa.

WhatsApp yana ƙara nasa. Idan aka tura hoto ta hanyar da aka saba, yakan rage tsawonsa zuwa wajen fiksel 1600 a gefe mafi tsawo, ya kuma sake matse shi. Domin a fahimci ma'anar wannan adadi, bugu mai kyau yana buƙatar ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton santimita 10 da 15 yana son fiksel kusan 1200 da 1800, cikakkiyar takardar A4 kuwa tana son 2480 da 3508. Hoton WhatsApp mai 1600 da 1200 zai ba da bugu mai kaifi na santimita 13 da rabi a tsawo, abin da ya wuce haka kuwa miƙa shi ake yi. Hoton allon waya ya fi muni, domin ƙananan wayoyi da yawa faɗin allonsu fiksel 720 ne kawai.

GIMP kyauta ce, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Ɗalibai biyu ne, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka fara rubuta ta a jami'ar Berkeley ta Amurka a 1995, kuma tun daga lokacin masu sa kai ne ke raya ta a ƙarƙashin lasisin da ya halatta wa kowa ya kwafa ya ba wani. Saboda haka mutum ɗaya zai iya sauke ta, nauyinta wajen megabait 300, sauran masu shaguna su ɗauka daga wurinsa ba tare da kowa ya ƙone kuɗin intanet ba, kuma ba tare da an karya doka ba. Tana aiki babu intanet, ba ta neman a buɗe asusu, kuma ana iya mayar da ita Faransanci, wanda shi ne harshen da yawancin yaran shagunanmu suka yi karatu da shi. Fitowa ta 2.10, wadda ta zo a 2018, ita ce ta kawo damar yin aiki da bit 16 da 32, wato riƙe matakan haske da launi masu yawa fiye da na da, ta 3.0 kuma da ta fito a watan Maris na 2025 ta ba da damar a ɗora tacewa, wato kayan da ke sauya kamannin hoto, a kan hoto a dawo daga baya a sauya ƙarfinta ba tare da an taɓa ainihin hoton ba. Wanda kwamfutarsa ke kan Windows 7 har yanzu sai ya nemi tsofaffin fitowar 2.10, domin sabuwar ba ta hawa a kansa.

Dole ne a faɗa tun yanzu cewa GIMP ba ta da maɓalli guda da za a danna ta share tabon JPEG. Wanda ya zo da wannan tsammani zai yi fushi ya goge ta a ranar farko. Abin da take da shi shi ne kayan aiki daban-daban waɗanda idan aka bi su bisa tsari suke ba da sakamako mai kyau, kuma a ganina tsarin ya fi kowane ɗayansu muhimmanci.

Ni nakan fara da adana kwafi a XCF, tsarin GIMP na kanta wanda ba ya zubar da komai, sannan in mayar da hoton zuwa bit 16, domin gyaran haske da za a yi daga baya kada ya ƙara tsattsage launuka. Daga nan sai launi, kuma a nan ne manhajar ta fi burge ni. Tunda JPEG ya fi cutar da launi, ido kuma ba ya lura da kaifinsa sosai, ana iya dusashe launin shi kaɗai a bar haske yadda yake. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwafi shimfiɗar hoton, wato abin da allon ke kira calque da Faransanci, a sa wa kwafin Flou gaussien, wato dusashewa, na fiksel 2 zuwa 4, sannan a sauya yanayin haɗuwarsa zuwa na launin LCH. Nan take jajaye da korayen tabon da ke kan fata da bango sukan ɓace, alhali gashin ido da zaren hula suna nan da kaifinsu. Mai son ya fi haka iko zai iya rarraba hoton da Décomposer zuwa haske da launuka biyu, ya yi wa kowanne gyaransa, ya sake haɗawa. Iyakar wannan dabara tana bayyana a kan atamfa mai ƙananan zane, inda ja da shuɗi suke maƙwabtaka: idan aka wuce fiksel 3 launukan sukan shiga juna, don haka a irin wannan wuri nakan rage ƙarfin ko in keɓe zanen gaba ɗaya.

Sai murabba'an da ke cikin haske, waɗanda su ne suka fi wuya. Kayan da GIMP ta tanada domin su shi ne Flou gaussien sélectif, wanda yake dusashe fiksel ne kawai idan bambancinsa da na kusa da shi bai kai wani mizani ba. Iyakokin murabba'an JPEG bambancinsu kaɗan ne, bakin fuska ko layin ido kuwa bambancinsu babba ne, saboda haka idan aka saita mizanin ƙasa-ƙasa, murabba'an sukan narke, siffar mutum ta tsaya. A kan bango, sararin sama, farar shadda da kumatu, aikinsa yana da kyau ƙwarai. Matsalarsa ita ce bai san bambanci tsakanin tabon matsewa da ƙananan alamomin da suke na mutumin ba. Tsagar gado a kuncin dattijo, furfurar gemu, tabon sujada a goshi, saƙar zaren aska takwas a ƙirjin babbar riga, duk yana iya ɗaukarsu a matsayin datti ya shafe. Maganin wannan shi ne masque de calque: a yi tacewar a kan kwafi, sannan a ɗauki buroshi mai laushi a goge ta daga idanu, leɓe, tsaga da aikin riga, domin ainihin hoton da ke ƙasa ya bayyana a waɗannan wurare. Wannan shi ne matakin da ke cin lokaci, kuma shi ne yake raba aikin gwani da na mai gaggawa.

Akwai wata matsala da ta shafe mu musamman, wadda ban cika ganin masu koyar da gyaran hoto na ƙasashen waje suna tsayawa a kanta ba. Hotunan hawan Sallah a ƙofar Lamiɗo, ko na ɗaurin aure da hantsi, yawanci baƙar fata ce a cikin fararen kaya a ƙarƙashin rana mai ƙarfi. Kyamara takan auna haskenta da farin riga da rawani, sai fuska ta faɗa cikin duhu, kuma bayanan da ke cikin duhun kaɗan ne tun asali, matsewa ta zo ta ƙara rage su. Muddin fuskar tana duhu ba a ganin ɓarnar, amma da an ɗaga haske da Courbes, kayan saita haske na GIMP, domin a gane mai hoton, murabba'an da suke ɓoye sukan fito fili, har da wani kore-kore a ƙarƙashin ido da haɓa. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a fara ɗaga hasken, a ga ɓarnar gaba ɗayanta, sannan a yi gyaran launi da na murabba'ai a kan abin da ya bayyana. Kuma kada a ɗaga fiye da kima: burin shi ne a ga fuskar mutum da launin da Allah ya ba shi, domin na sha ganin hotuna a bangon mutane inda aka mayar da baƙin mutum toka-toka da sunan gyara.

Wanda ya saba da waɗannan zai ji daɗin Décomposer en ondelettes, wanda yake raba hoto zuwa shimfiɗu bisa girman bayanai, daga mafi ƙanƙanta zuwa mafi girma. Ɗige-ɗigen da ke kewaye da rubutu da bakin hula galibi suna zaune a shimfiɗa ta farko da ta biyu, don haka ana iya shafe su a can ba tare da an taɓa siffar fuska ba. Yana da amfani sosai ga hoton allon shago ko katin gayyata da ya sha turawa.

G'MIC kuwa ƙari ne da ake saukewa daban, shi ma kyauta. David Tschumperlé, mai bincike a ɗakin GREYC da ke birnin Caen na Faransa, shi ne ya fara shi a 2008, kuma yana ɗauke da tacewa fiye da 500. A sashensa na Repair akwai Smooth Anisotropic, wanda yake bin tsawon layi yana sumulce shi maimakon ya tsallaka shi, abin da ya sa ya fi na GIMP iya riƙe gashi da ninkin rawani. A kan fuska na fi yarda da shi. Aibinsa biyu ne: sunayen tacewar da yawancin bayanansu da Turancin Ingilishi suke, ga kuma maɓallan saiti masu yawa da za su rikita sabon shiga, sannan idan aka ƙara masa ƙarfi yakan zana wasu lanƙwasassun layuka a fata kamar an shafa fenti da buroshi. A tsohuwar kwamfuta mai ƙaramin ƙwaƙwalwa yana da nauyi, musamman a watannin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, injin yana huci yana rage gudu.

Faɗaɗa hoto shi ne ke zuwa bayan an gama wankewa, ba kafin ba, domin wanda ya fara faɗaɗawa ya faɗaɗa tabon ne tare da hoton. A nan GIMP matsakaiciya ce. Hanyoyinta na Cubique da NoHalo suna ba da sakamako mai tsabta har zuwa ninki ɗaya da rabi, ko biyu idan hoton na kirki ne, bayan haka sai laushi ya yi yawa. Ana iya dawo da ɗan kaifi da Renforcer la netteté, amma da hannu mai sauƙi, domin kaifin da ya yi yawa yana farfaɗo da duk abin da aka sha wahalar binnewa. Dabarar da na fi so a ƙarshe ita ce a yayyafa ɗan ƙaramin tsakuwa-tsakuwa da Bruit TSV. Abin zai zo wa mutum da mamaki, a ce an gama share datti a kuma ƙara wani, amma wannan ɗan yayyafi shi ne yake hana fata kamannin roba, yake kuma ɓoye hawa-hawan sararin sama idan an buga. Wajen fitarwa, tsarin PNG ko TIFF, waɗanda ba sa zubar da komai, su ne suka fi, idan kuwa injin bugawa JPEG yake karɓa, sai a sa inganci 92 zuwa 95 tare da zaɓin 4:4:4, wanda ba ya rage launi.

Ba zai yiwu a yi wannan magana ba a ambaci Photoshop ba. Yana da abin da GIMP ta rasa: a cikin tacewarsa ta rage ɗige-ɗigen hoto akwai akwatin cire tabon JPEG, kuma tun Oktoba 2020 kamfanin Adobe ya ƙara tacewa masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, ciki har da wadda aka keɓe domin wannan matsala, mai matakin ƙarfi uku. Ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a kan hoto mai matsakaiciyar ɓarna sakamakonta yana da kyau. Sai dai tun 2013 ba a sayar da sababbin fitowar Photoshop a mallaka, haya ake biya wata-wata da katin banki, kuma waɗannan sababbin tacewa suna buƙatar asusu da saukewa daga intanet. Kwafin sata da ke yawo a kasuwa galibi ba sa ɗauke da su, sau da yawa kuma da ƙwayar cutar kwamfuta suke zuwa. Babban sitidiyo da ke ɗaukar bukukuwa kowane mako zai iya mayar da kuɗinsa. Ƙaramin shagon da rabin cinikinsa kwafin takardu ne da hoton 4x4 na jarrabawa, da wuya.

Abokan hamayyar GIMP na gaskiya a garin nan su ne manhajojin waya da ke “gyara fuska” cikin daƙiƙa kaɗan. Ba na musun cewa abin da suke fitarwa yana ɗaukar ido. Amma tunda bayanan da aka zubar ba sa dawowa, abin da suke yi shi ne ƙirƙiro sababbi daga dubban fuskokin da aka horar da su a kai: su zana ido, su jera haƙora, su gyara hanci bisa abin da suke zato. Wata Hajiya ta taɓa kawo mini hoton mahaifinta, Allah ya jiƙansa, wanda jikanta ya riga ya wuce da shi ta irin wannan manhaja. Hoton ya fito tas, amma tsagar da ke kumatunsa ta ɓace, wushiryarsa ta toshe. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Malam, wannan bawan Allah kyakkyawa ne, amma ba Baba ba ne.” Muka koma kan tsohon hoton mai dishi-dishi, na wanke shi da GIMP iyakar abin da zai yiwu, kuma shi ta karɓa. Wannan ne babban dalilin da ya sa na fifita GIMP a kan hoton mutum: ba ta ƙara abin da babu, duk abin da ya sauya kuma hannun mai gyara ne ya sauya shi, ya san inda ya taɓa. A hoton katin shaida ko na takardar jarrabawa lamarin ya wuce son rai, domin fuskar da manhaja ta sake wa fasali tana iya jawo wa mai ita tambayoyi a gaban jami'i. Abin daɗi shi ne hoton santimita 4x4 fiksel 472 kacal yake buƙata a kowane gefe, don haka ko hoton WhatsApp ya wadatar idan fuskar ta cika shi, kuma rage girman da za a yi yana haɗiye yawancin tabon da kansa.

Sauran ƙorafina a kan GIMP na yau da kullum ne. Ba ta adana aiki da kanta lokaci-lokaci, kuma a yankin da wutarsa ta dogara da madatsar Lagdo, inda ake yawan ɗaukewa idan ruwa ya ja baya da rani, wannan babban gibi ne. Wanda ke aiki da kwamfutar tebur ba tare da batirin ajiya ba ya saba wa yatsunsa da adanawa bayan kowane mataki. Ba ta da hanya mai sauƙi ta gyara hotuna da yawa a lokaci guda, don haka wanda aka kawo wa hotunan biki ɗari zai gaji. Babu ta a waya. Koyonta kuma yana son haƙuri, musamman ga wanda hannunsa ya saba da Photoshop, domin wuraren kayan da gajerun hanyoyin madannai sun bambanta.

Duk da haka ina ba masu ƙananan shaguna a Garwa, Marwa, Ngaundare har zuwa Injamena shawarar su ɗora ta tare da G'MIC. Hoton da ya bi ta WhatsApp sau ɗaya, mai fiksel 1600, tana iya fitar da shi lafiya a santimita 13 da 18, har A4 ma idan za a rataye shi a bango a kalle shi daga nesa. Hoton allon waya kuwa, ko wanda aka yanko fuska ɗaya daga cikin taron mutane, kada a yi wa mai shi alkawarin abin da ya wuce 10 da 15.

Tambayar farko da nake yi wa duk wanda ya kawo hoto ita ce ko ainihinsa yana nan a wayar wanda ya ɗauka. Idan yana nan, a sake turo shi a matsayin takarda, wato Document, domin ta wannan hanya WhatsApp ba ya taɓa shi. Zaɓin HD da aka ƙara a watan Agusta na 2023 ya fi na da, amma shi ma yana matsewa. Kiran waya guda zuwa ga mai ɗaukar hoton yakan ba da abin da awa guda a gaban kwamfuta ba za ta ba da ba. Idan kuwa ainihin ya ɓata tare da tsohuwar waya, nakan shawarci mai hoton a buga shi ƙarami a tsakiyar takarda, a bar masa farin gefe mai faɗi domin ya cika gilashin da aka saya, a kuma zaɓi takarda marar sheƙi, domin mai sheƙi tana tona duk wani tabo da ya rage.